Kabeji Uku a Rana

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Wannan littafin na lambu ne. Ranar dashe nake rubutawa a ciki, da ranar zuba taki, da ranar da tsutsa ta shigo. Amma yau ba ni da wanda zan gaya wa, to bari in gaya wa takarda.

Rediyo ba ta da lafiya. Matata ke nan. Shekara talatin da huɗu ina kiranta haka, don in ta buɗe baki da safe ba ta rufewa sai barci ya ɗauke ta. Wanda ya haihu, wanda ya yi faɗa da surukarsa, har abin da kaza ta yi a tsakar gida sai na sha labari. Yanzu sai na yi mata magana sau biyu kafin ta juyo, in ta amsa kuma muryar ta fito a dishe, can ƙasa, kamar ta namiji. Ana wannan zafin da mutum ke neman ya tuɓe fatarsa, ita tana cikin rigar sanyi da safa, ta ja bargo har wuya.

Na tace mata ruwan kabejinta kamar kullum. Kai uku, ɗanye. In wanke, in yayyanka, in markaɗe a inji, in tace da farin ƙyalle. Kofi ɗaya da safe, ɗaya in bar mata a fulas na rana, ɗaya da yamma. Wata goma sha huɗu ke nan ban yi fashi ba, tun lokacin da gyambon ciki ya sa ta kuka da hawaye. Wani tsohon direba da ke ɗaukar mana kaya ya ba ni maganin, kuma wallahi cikin sati uku zafin cikin ya kwanta. Ni da kabeji ke fashe min a fangali kullum, irin wanda mai saye ko kallo ba ya yi, sai ga shi ya zama magani a gidana. Na ji daɗin wannan abu, ba zan ɓoye ba.

Ta daɗe tana sha, amma ta shanye.

Fangali na shida yana son ruwa.

Talata, 4 ga wata, bayan azahar

Na dawo na tarar da tukunya a kan wuta babu ko ɗigon ruwa a ciki, gindinta ya yi baƙi ƙirin. Ita tana zaune a kujerar kicin tana barci, cokali a hannu. Na yi faɗa. Na ce so kike ki ƙona mu? Ta dube ni, ta daɗe tana duba na, sannan ta ce, "Yi haƙuri, Mai Lambu." Shi ke nan. Da a da ne, da sai na gudu na bar mata gidan kafin ta gama amsa min.

Na yi da-na-sanin faɗan.

Laraba, 5 ga wata, da safe

Gashinta ya cika matashin kai. Na kwashe kafin ta gani.

Laraba, da yamma

Auta ta zo ba sanarwa. 'Yarmu ce ta ƙarshe, tela ce, tana aure a wani gari tafiyar awa uku. Sauran biyun sun yi nisa, sai dai waya. Ta ce muryar uwarta ce ba ta yi mata ba a waya.

Ko jaka ba ta ajiye ba ta durƙusa gabanta tana kallo. Ta taɓa fuskar, ta ce ta kumbura. Ta taɓa hannun, ta ce fatar ta bushe kamar takarda. Sai ta kama gyalen da Rediyo ke naɗewa a wuya kwanan nan ta warware. Akwai ƙullutu a gaban maƙogwaron, ya kai rabin lemo, in ta haɗiyi yawu sai ya motsa.

"Baba, wannan tun yaushe?"

Na ce ban sani ba.

"Gida ɗaya kuke kwana, Baba."

Ni mutum ne da in tsutsa ɗaya ta shiga ganye ina hango ta daga bakin rijiya. Wuyan matata ban gani ba. Na ce sanyi take ji, shi ya sa na ɗauka take naɗe shi. Auta ba ta amsa min ba, halin uwarta gare ta sak, sai dai ita da shiru take yanka mutum.

Gobe asibiti.

Alhamis, 6 ga wata, la'asar

Mun yi awa huɗu a benci. Ɗakin likitar ƙofarsa ba ta rufuwa sosai, duk abin da aka faɗa ana ji. Wanda ya shiga kafin mu wani dattijo ne sa'ana, ya zo da galan na jiƙo da yake sha. Likitar yarinya ce, ba za ta girmi Auta ba, ga tabarau, ga baki. Ta wanke shi tas. Ta ce su ne masu lalata ƙodarsu da hannunsu sannan su zo a ce asibiti ya kashe su. 'Yan benci suna ta ƙunshe dariya. Mutumin ya fito kansa a ƙasa, galan a hammata.

Sai mu. Ta taɓa wuyan, ta ba ta ruwa ta ce ta haɗiya, ta ƙirga bugun hannunta ta ce yana tafiya a hankali. Ta sa aka ɗebi jini. Ta ce irin wannan gwajin ba a nan ake yi ba, sai an aika, sati guda. Sannan ta ɗago ta dube ni.

"Baba, akwai abin da take sha a gida? Jiƙo, ko gari, ko wani ganye? Ko mene ne, ku faɗa min yanzu."

Na ce babu.

To ai babu ɗin ne. Kabeji abinci ne. Ba saiwa ba ne, ba ɓawon itace ba ne. Ni na shuka shi da hannuna, na san ruwan da ya sha. Yarinyar da ba ta san fangali ba ba za ta tsayar da ni a gaban 'yata ta karanta min karatu ba.

Ta ce mu koma gida, a riƙa sa mata ido, mu dawo ranar Alhamis mai zuwa.

Juma'a, 7 ga wata, da hantsi

Auta ta koma, ɗinkin mutane na jiranta. Za ta dawo ranar sakamako. Kwana biyun da ta yi ban kunna injin ba. Ba don komai ba, don kada ƙarar ta tashe ta.

Yau na kunna. Ta shanye.

Asabar, 8 ga wata, da safe

Kwana biyar ba ta yi bayan gida ba. Cikin ya yi tauri. Na ƙara kai ɗaya, ya zama huɗu, don ganye shi ke sakin ciki, kowa ya san wannan.

Tsutsa a fangali na biyu. Kaɗan ce.

Lahadi, 9 ga wata, kafin magariba

Na kai mata na yamma, zan tashi sai ta riƙe min bakin riga. Ta ce, "Zauna, Mai Lambu." Na zauna. Idonta a rufe, kofin a cinya. Can ta ce, "Ka rufe taga." Tagar a rufe take.

Ina jin tsoro. Na rubuta, tunda ba mai gani.

Litinin, 10 ga wata, azahar

Rabin kofi ta sha. Barci.

Talata, 11 ga wata, la'asar, a asibiti

Rubutun yau ba zai yi kyau ba.

Ƙarfe shida na gama tacewa na shiga ɗaki. Na kira ta, shiru. Na girgiza ta, shiru. Jikinta sanyi kamar randa. Numfashin yana nan amma sai ka kasa kunne, ya shiga, ka jira, ka jira, sannan ya fito. Na fita da gudu ba takalmi. Allah Ya sa makanikin da ke jikin gidanmu bai fita ba, shi ya kawo mu a motarsa, matarsa ta riƙe mata kai a baya.

Sun sa ta a ɗaki mai gado huɗu, na bakin ƙofa. Ƙarin ruwa a hannu, robar iska a hanci, bargo uku. Nas ta auna zafin jikin ta girgiza ma'aunin ta sake aunawa, ta ɗauko wani ta sake. Ta ce bai kai inda ya kamata jikin mai rai ya tsaya ba. Ba da ni take ba, da 'yar'uwarta nas take, amma na ji.

Likitar nan mai tabarau ta zo da sauri. Ta buga waya inda aka kai jinin tana faɗa, ta ce yau take son sakamako ba jibi ba. Ba ta jira ba ma ta sa aka fara allura.

Auta ta iso ƙarfe biyu. Ba ta yi kuka ba sai da ta ga safar, ta ga ƙafa ɗaya a juye na sa mata.

Laraba, 12 ga wata, da hantsi

Sakamako ya zo. Likita ta kira mu ofis ni da Auta, ta zana mana a bayan takarda. Ta ce a gaban maƙogwaron kowa akwai wata 'yar tsoka, ita ke fitar da sinadarin da ke hura wutar jiki. In ta yi rauni komai sai ya yi sanyi, zuciya, hanji, tunani, har murya. Ta Rediyo kusan ta daina aiki gaba ɗaya, kumburin kuma shi ne maƙoƙo, tsokar ce ke girma tana ƙoƙarin yin aikin da ta kasa. Ta ce wannan tsoka da wani sinadari mai suna aidin take aiki, shi kuwa aidin yawancin mutane daga gishirin leda suke samu, da kifi, da ƙwai, da madara.

Ta ce wane gishiri muke ci?

Wannan na faɗa, don ba abin kunya ba ne. Shekara biyu ke nan babu gishiri a gidana. Ranar da aka ce tana da hawan jini wata nas ta ce a rage, ni kuma ba na yin abu rabi da rabi, na kwashe duka na kyautar. Kifi dama ba ta ci tun tana yarinya, ƙarni take ji. Ƙwai da madara ni na hana, na ji an ce suna toshe jijiya. Ni a lambu nake cin na rana wajen mai abinci, ita ke gida da lami.

Likita ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce, "A rage aka ce, Baba." Sannan ta ce duk da haka abin ya yi mata yawa, ya yi sauri, kamar akwai wani abu da ke danne tsokar. Ta sake tambaya. Irin tambayar ranar Alhamis.

Na ce babu.

Fulas ɗin yana cikin jakata a lokacin. Na taho da shi ko za ta farka ta nema.

Alhamis, 13 ga wata, bayan azahar

Na tare likita a baranda ita kaɗai. Na ce ina da tambaya, ba ta matata ba ce. Na ce ni mai lambu ne, akwai wani mai sayen kaya a wajena, yana markaɗa kabeji yana sha, ko akwai illa?

Ta tsaya. Ta ce kabeji da danginsa, su farin kabeji da makamantansu, abinci ne mai kyau, ita ma tana ci, kada in je in tsorata mutane. Amma akwai wani abu a cikinsu da ke tare wa tsokar nan hanya, ya hana ta ɗaukar aidin. In an dafa, yawancinsa yana mutuwa. In an ci daidai ci, kamar yadda kowa ke ci, ba ya komai ga mai lafiya. Inda ake samun matsala shi ne ɗanye, mai yawa, kullum kullum, wata da watanni, ga jikin da dama babu aidin a cikinsa. Ta ce abu ne da ba a cika gani ba, ita a littafi kawai ta taɓa karantawa.

Na ce kamar nawa ne mai yawa?

Ta ce, "Shi mutumin nawa yake sha?"

Na ce ban sani ba.

Ta dubi hannuna. Farcena kore ne, ko na wanke ba ya fita. Ta ce, "In ka gan shi, Baba, ka ce ya daina yau." Ta wuce.

Na zagaya bayan ɗakin wanki na juye fulas ɗin a kwata. Ya kwana biyu, warin ya bi ni har baranda.

Juma'a, 14 ga wata, da safe

Ba canji. Ban je lambu ba.

Juma'a, la'asar

Makaniki ya ce ya leƙa, fangali uku sun fashe. Na ce su fashe.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya

Ta buɗe ido. Alhamdu lillahi. Auta na goge mata fuska sai kawai ta buɗe, ta bi fankar sama da kallo, ta sauko kan Auta, ta ce, "Wa ya yanka miki wannan rigar? Hannun ya yi tsawo." Auta ta fashe da dariya da kuka lokaci guda. Har matar gado na uku sai da ta yi dariya.

An cire bargo ɗaya. Na fita na sayi lemo na rarraba wa nas-nas, ban san me ya sa ba.

Lahadi, 16 ga wata, azahar

Likita ta zo zagaye. Ta ja kujera ta zauna dab da ita, ta ce, "Mama, zan tambaye ki, ke za ki gaya min gaskiya. Me kike sha a gida?"

Ina tsaye a ƙafar gado. Auta na gefe da kwano.

Rediyo ta dube ni. Daƙiƙa ɗaya ce, ba ta fi ba. Sannan ta juya ga likita, da muryar nan tata da ta dishe, ta ce, "Ruwan kabeji. Ni nake haɗawa da kaina, in ya tafi lambu. Uku, wani lokaci huɗu. Shi bai sani ba, ya ɗauka miya nake yi da su."

Auta ta ajiye kwanon. "Haba Mama. Haba Mama. Wa ya ce ki yi? Kuma aka tambaya a gabanki kika yi shiru?"

"Na manta ne."

Likita ta rubuta a fayil. Ba ta dube ni ba ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi min ciwo.

Bakina yana nan, ba abin da ya same shi. Ban buɗe ba.

Litinin, 17 ga wata, da hantsi

Auta ta je wanka. Mu biyu, sai masu barci.

Na ce, me ya sa kika yi haka?

Ta ce in matso, maganar tana ba ta wuya. Ta ce, "Mai Lambu, cikina ya warke tun bara. Tun wata na biyu."

Na ce to me ya sa kika ci gaba da sha?

"Ka taɓa ɗanɗanawa?"

Ban taɓa ba. Wata goma sha huɗu, ko a harshe ban taɓa sawa ba.

Ta ce, "Kamar ruwan wankin kwano yake. Har hawaye nake yi in ka juya baya." Ta huta. "Shekara talatin da wani abu kana fita kafin in gama ɗaura ɗankwali. Sai da ka fara wannan abin ka riƙa zama a bakin gado, kana jira in shanye. To sai in riƙa sha a hankali."



Ta ce kada in gaya wa Auta. Ta ce, "Ni za ta yi min faɗa ta huce, uwarta ce ni. Kai in ta riƙe ka ba za ta sake ba, na san abin da na haifa. Kuma ba ta da wani uban." Ta sa na ce na yarda. Na ce na yarda.

Talata, 18 ga wata, da safe

Tari. Nas ta ce ba komai.

Talata, la'asar

Ba tarin banza ba ne. An ɗauki hoton ƙirji. Likita ta ce ranar da ta suma wani abu ya sauka mata a huhu, yanzu ya zama ciwo, jikin kuma ba shi da ƙarfin faɗa. An mayar da robar iska. An ƙara allura biyu.

Na san abin da ya sauka. Daren Litinin ɗin ba abin da ya shiga cikinta sai ruwan kabejin.

Laraba, 19 ga wata, azahar

Auta ta zauna kusa da ni a bencin gefen gadon uwarta, ta ɗora kai a kafaɗata, rabon da ta yi haka tun tana firamare. Ta ce, "Baba, kai ma ka ci wani abu. Ba laifinka ba ne. Mama ce da taurin kai, kai kana can kana wahala a rana, ita tana nan tana kashe kanta da ganye. In ta tashi sai na yi mata tatas."

Na ce Allah Ya tashe ta.

Ta kawo min shayi da burodi. Na ci, don tana kallo.

Alhamis, 20 ga wata, bayan la'asar

Ni na nemi likita yau. Na shiga ofis na rufe ƙofar da ba ta rufuwa, na riƙe ta da bayana. Na ce, "Likita, ni ne."

Ta ce, "Na sani, Baba. Matar da ba ta iya riƙe cokali, ba ita ke yanka kabeji huɗu ba."

Na ce ta gaya min tsakani da Allah, kabejin ne ya yi mata wannan?

Ta ce ba za ta ce shi kaɗai ba. Mai yiwuwa tsokar dama ta fara rauni, mata masu shekarunta da yawa haka suke. Ga rashin gishiri. Shi ya zo ya hau kai. Ta ce babu gwajin da zai raba mana wanne ya ɗauki nawa.

Da na tsaya nan. Amma ni ba na yin abu rabi da rabi. Na ce, da na faɗa ranar Alhamis ɗin farko fa?

Ta rufe fayil ɗin da ke gabanta. Sannan ta ce, "Da ban bar ta ta koma gida ba. Da na kwantar da ita na fara magani ranar." Ta ce ita ma tana da nata laifin, da ta riƙe ta ko ba a faɗa ba, kullum tana tunanin wannan. Ta ce kwana biyar ne.

Kwana biyar. Na san abin da na yi da su, yana rubuce a shafin baya.

Juma'a, 21 ga wata

Ƙarfe goma da kwata na safe. Auta na riƙe da hannun dama, ni hagu.

Asabar, 22 ga wata, da yamma

Gida ya cika. An ɗebe kujerun falo an shimfiɗa tabarmi. Yayyen Auta biyun sun iso bayan an gama komai. Kowa sai ya riƙe hannuna ya ce in yi haƙuri. Ina yi.

Wani ya zauna a kujerarta ta kicin. Na so in ce ya tashi.

Lahadi, 23 ga wata

Mutane.

Litinin, 24 ga wata, bayan azahar

Jama'a sun ragu. Ina zaune a bakin ƙofar falo, Auta na tattara kofuna a bayana, yayyenta na ciki. Sai matar makaniki ta shigo, wadda ta riƙe mata kai a mota. Mace ce mai kirki, ba ta da mugun nufi ko kaɗan. Ta durƙusa ta yi gaisuwa, ta share hawaye, ta ce wa matan da ke wurin, "Ni dai ban taɓa ganin mijin da ya yi jinya irin Baba ba. Mu shaida ne, katanga ɗaya ce. Kullum ƙarfe shida sai mun ji injinsa, ko agogo ba ya kai shi. Fiye da shekara, da hannunsa yake tace mata."

Ƙarar kofunan ta tsaya.

Matar ba ta lura ba. Ta ce, "Baba, dama ina son in tambaya, ka yi haƙuri ba lokacinsa ba ne. Maigidan ne gyambon ya dame shi, ba ya barci. Nawa kake sawa a rana?"

Na yi wa Rediyo alkawari. Sati guda ke nan cif. Zan iya cewa na manta, ko in ce ta dawo wani lokaci, in ja ta gefe daga baya. Amma na hango makaniki da kofi a hannu, mutumin da ya ɗauke mu ba takalmi a ƙafata.

Na ce, "Kada ki ba shi. Ki kai shi asibiti, akwai maganin gyambo. Kabeji ki dafa ki sa a abinci kamar kowa, da gishirinsa. Uku nake ba ta ɗanye, na koma huɗu. Likita ta tambaye ni sau biyu na ce babu. Ni ne, ba ita ba. Ƙarya ta yi don ta rufa min asiri."

Wata tsohuwa ta fara cewa ai kwana ne ya ƙare, ta ga ba mai tayawa ta bari. Matar makaniki ta rufe baki da gyale.

Ban juya ba. Na ji an ajiye tire a ƙasa a hankali, na ji takun ƙafa, na ji ƙofar ɗakin uwarta ta rufe.

Talata, 25 ga wata, la'asar

Yayyen sun ce ƙaddara ce, suka tafi da safe. Ba su iya haɗa ido da ni ba, amma sun ce ƙaddara ce.

Auta ta fito wajen ƙarfe uku da jakarta. Idon ya kumbura. Ta tsaya a tsakar gida, nesa da ni kamar taku biyar.

Ta ce, "Baba, ruwan ban riƙe ka da shi ba. So ne ya sa, na sani. Gishirin ma haka."

Na ce to.

"Ranar da aka fara tambayarka ina tsaye a bayanka. Mama tana zaune, tana numfashi da kanta. Me ya hana ka faɗa?"

Na ce akwai wani dattijo da ya shiga kafin mu, aka yi masa dariya.

Ta ce, "Dariya."

Na ce i.

Ta gyara jakar a kafaɗa. Ta ce, "Na sa kaina a kafaɗarka ina zaginta, tana kwance tana jin mu. Kai kuma ka bar ni ina yi."

Na miƙe in karɓi jakar in raka ta tasha. Ta ce in bar shi, ba nauyi. Ta ce ta dafa abin da zai kai ni kwana biyu, yana kicin, in riƙa ɗumamawa. Na ce yaushe za ta dawo? Ta ce ɗinki ya taru.

Na tsaya a ƙofar gida har ta sha kwana. Ba ta waiwayo ba.